Maraƙin Ciyawa a Gidan Mai Madarar 'Yan Ƙwallo

Ku 'yan matan da kuke shigowa gidana kuna leƙa tukunya, da ku samarin da kuke turo ƙannenku mata su tambayo muku yadda ake haɗawa, ku taru in gaya muku gaba ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa. Ko kwanan nan wata ta ce min, "Inna Balki, ai ba wani abu ba ne. Madara ce da garin cakulan da sukari, sai ƙanƙara." Na ce mata to madalla, ga tukunya, ga murhu. Tana can tana latsa waya madarar ta kama a ƙasa, ƙauri ya cika gida har Malam, mai gidana, ya leƙo daga zaure yana tambaya ko gobara ake yi. Ban yi mata faɗa ba. Na dai ba ta soson ƙarfe, ta wuni tana kankare gindin tukunya.

Ni haifaffiyar 'Yandoto ce, can ƙasar Tsafe, aure ne ya kawo ni Damba nan Gusau. A hannun yayar mahaifiyata na koyi tsayuwa gaban wuta. Kunun gyaɗa take yi na sayarwa, kuma ba ta koyarwa da baki. In ka juya kai, sai dai ka ji ludayi a gadon baya. Abu ɗaya ta taɓa faɗa min a fili: "Tukunya magana take yi, ke ce ba ki saurare." Da kunne na koyi aikin nan kafin ido. Har gobe, ina ɗaki ina ninke kaya zan gaya miki madara ta kusa tasowa, don kukan da take yi yana sauyawa, daga sama-sama ya koma can ƙasa kamar mai gunaguni.

Aikin madarar cakulan na farko, Koci Lawali ne ya kawo shi. Shi ke horar da 'yan ƙwallon unguwarmu a filin firamare. Lokacin ina sayar da fura da kunun gyaɗa daga cikin gida, ba na fita ko nan da can. Ya yi sallama da Malam a zaure, ni kuwa ina bayan ƙyaure ina jin komai.

"Malam, wai ko Inna za ta iya haɗa muna wani abu? Yaran nan da sun gama tirenin sai su afka ma lemun kwalba, gobe su zo min jiki duk a mace. Na ji ana cewa madara da cakulan mai sanyi, in anka sha da an gama gudu, tana maida ƙarfi."

Malam ya ce, "To ba ga mai shayi can bakin hanya ba?"

"Haba Malam. Wancan ai ruwan zafi ne anka nuna ma madara daga nesa."

Sai na ɗaga murya na ce, "Koci, ta gwangwani ko ta shanu?"

Koci ya ce, "Inna, wadda ta fi."

"To ta shanu."

Na faɗa ne kawai, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba. Nono ko'ina akwai shi a Gusau, amma ɗanyar madara wadda aka tatsa yau ba ta kwana ba, wannan sai da nema. Mai kawo min nonon fura wata dattijuwar Bafulatana ce, Goggo Hajjo, daga wata ruga kusa da Rawayya a ƙasar Bungudu. Da na gaya mata abin da nake so, sai ta sauke ƙwarya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Balki, wa ka saida madara ɗanya? Man fa? In na ba ki ita haka, man shanun da nika fiddawa ya tahi ke nan."

Mun daɗe muna ja kafin ta yarda. Ta kawo ta farko, na ɗora, ko tafasa ba ta yi ba ta tsinke, ruwa gefe gudaji gefe. Ta biyu ma haka. Na ce ko ruwa ta zuba, ta rantse har tana dafa ƙasa. Sai da na shinshina ƙwaryar na gane. Ƙwaryar da ta saba ɗaukar nono ta riga ta sha tsami a jikinta, ko an wanke ta da me yana nan, kafin a iso gari ya kama madarar. Na sa Malam ya sayo bokitin silba mai murfi. Goggo ta juya shi ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Naggena ba ta san ƙarfe ba, amma za ta koya." Nagge ita ce saniya da Fulatanci. Daga ranar madara ta riƙa isowa lafiya: ta tatsa da asuba, ta shigo motar farko, kafin hantsi ya ɗaga tana tsakar gidana tana neman ruwan sha.

To ku saurari kayan aiki, tunda su kuka raina. Tukunyar madara ta madara ce ita kaɗai. Wadda ta taɓa ganin miya ko albasa ba ta shiga wannan aiki, madara tana da tsegumi, duk abin da ta ji sai ta faɗa. A samu mai kaurin gindi, ta ƙirar maƙera, ban da irin ta shagon nan mai kamar takarda. Muciya daban, ludayi daban, farin ƙyallen tata wanda ake dafawa a shanya a rana. Gawayi ya fi itace, don hayaƙi yana shiga. Kafin in juye madara a tukunya sai na ɗebi kaɗan a ludayi na kara a wuta. In ta tsinke a ludayi, an yi asarar ludayi ɗaya ne kawai, sauran a bar ta ta kwana ta zama nono.

Garin cakulan kuwa ba a watsa shi cikin tukunya kamar ana zuba kuka. Zai yi ƙulalai, ya hau sama yana yawo, kina bin sa da muciya yana gudu. Ki zuba shi a ƙaramin kwano da sukarinsa, ki ɗiga madara mai zafi kaɗan-kaɗan kina burgawa da maburgi har ya yi sumul kamar kwaɓin lalle, sannan ya shiga uwar tukunya. Sai ɗan gishiri, abin da yatsu biyu za su ɗauka. Wanda ya zubar da gumi a fili bakinsa yana neman sa ko bai sani ba. Sukari kuma kada ya yi yawa, mai haki in ya sha abu mai zaƙi cau zuciyarsa tashi take yi. Da an sauke a tace, a zaunar da tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi, ana canza ruwan har ta huce da sauri. Wadda aka bari ta huce da kanta a zafin Gusau, kafin la'asar ta juya. In ta huce a ɗura a goruna, a jera su a kula, akwatin nan na ƙanƙara. Wankin goruna shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne wanda duk mai koyo take guduwa saboda shi.

Kular farko da ta tafi fili, na zauna ina jiran dawowarta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Bayan magariba na ji babur ɗin Koci, na ji an dire kula a zaure, ƙararta fayau, alamar babu komai ciki. Tun daga nan ba na tambaya. Kula in ta dawo wofi kukanta daban, in da saura a ciki kukanta daban. Ni ban san abin da likitoci suka ce game da madarar nan ba, kuma ban taɓa ce wa kowa magani ce ba. Abin da na sani, yaran sun ce in sun sha tun gumi bai bushe ba, yunwar nan mai sa rawar hannu ba ta kama su, kuma da safe ƙafafu ba su yin nauyi kamar da. Golansu mai tsaron raga, wani dogo mai baki kamar rediyo, shi ya raɗa min suna Inna Mai Caji. Daga baya masu ɗaga ƙarfe suka fara aikowa, da wasu ma'aikata masu tumbi da ke zagaya fili da safe. Waɗannan na ce a gaya musu gora ɗaya ta isa, in sun sha biyu gudun banza suka yi.

Akwai ranar da suka tafi wasa Tsafe, cikin bazara. Wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, ƙanƙara ta yi wuya a gari, wadda aka samo ba ta taka kara ta karya ba. Na jera gorunan a kula, na farfasa ƙanƙarar na cusa tsakaninsu, na naɗe kular da jiƙaƙƙen buhun algarara, na ce wa Koci a ɗora ta inda iska za ta riƙa bugunta, kuma duk wanda ya buɗe kafin a tashi wasa ni da shi ne. Da suka dawo ya ce min har 'yan Tsafe sun sha, ɗayansu yana cewa, "Wanga abu a gidan wa a ka yin shi?" Na ce ya gaya musu 'yar ƙasarsu ce, kada su ji kunyar cin da aka yi musu.

Sai shekarar da daji ya lalace. Ba sai na tsaya ba ku labarinta ba, kowa a nan ya san ta. Goggo ta fara fashi, yau ta zo gobe babu, daga nan ɗif. Na koma madarar gari, kuma na gaya wa Koci gaskiya tun ranar farko, don ban iya sayar da abu da sunan wani abu ba. Masu yi da ta gari ban ce sun yi laifi ba, amma ni da ta shanu aka san ni. Ga ta da tsada, kullum aka je kasuwa ta ƙara hawa. Gola ya aiko a gaya min wai cajin ya koma na jabu. Masu ɗaga ƙarfe suka janye. Na riga na fara tunanin in wanke tukunyar in kife ta.

Ran nan da hantsi na ji kukan saniya a ƙofar gida, kusa ƙwarai, ba irin na masu wucewa ba. Malam ya shigo yana riƙe da hula a hannu. "Balki, fito ki ga baƙinki." Goggo ce, ƙafa duk ƙura, da igiya a hannu. Bayanta wata farar saniya bokolo mai guntayen ƙaho, da ɗan maraƙi yana bin ta. Ɓarayin shanu sun kore musu mafi yawan garke, 'ya'yanta sun kaɗa abin da ya rage sun yi kudu, ita kuwa gwiwoyinta ba za su iya wannan tafiya ba. Suka bar mata saniya ɗaya, Amare, da ɗanta.

"Ba roƙo ya kawo ni ba," in ji ta. "Ke kina da tukunya, ni ina da nagge."

Malam ya share mata ɗakin da muke ajiye tarkace, ya kafa turke a kangon bayan gida. Madarar saniya ɗaya ba ta da yawa, don haka na sallami kowa na riƙe 'yan ƙwallo kaɗai. Abin da ya shigo mu raba, daga ciki a sayi dusa da harawa da kanwa. Cin Goggo, da cin Amare, da sana'ata, duk suka rataya a hantsar saniya guda.

A nan na ga yadda ake tatsa da idona, ni da na shekara da shekaru ina dafa madara. Ashe ba zuwa ake yi kawai a kama nono a ja ba. Sai an saki maraƙi ya fara tsotsa, uwar ta ji bakinsa, ta lashe shi, sannan ta saki madarar. Daga nan a janye shi a ɗaure gaban ƙafarta inda harshenta zai kai gare shi, mai tatsa ta tsuguna. In babu ɗan, saniyar nan riƙe abinta take yi, ko za ka ja har hannunka ya ƙage.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne leda. Maraƙin daji bai san ta ba. Iska tana kwaso ta daga bola ta watso cikin kango, mai maiƙon ƙosai, mai gishirin awara, shi kuwa yana bi yana haɗiyewa. Muka ga ya daina kiwo, ciki ya kumbura, ido ya faɗa. An kira mai duba dabbobi ya yi abin da zai iya, ya ce a kira mahauci tun da sauran numfashi. Da aka buɗe cikin, abin da aka ciro ya murɗe kamar gammo. Mahauci ya ɗauko wuƙa zai feɗe yadda ya saba, Goggo ta riƙe masa hannu.

"Kada ka tsattsaga min fatar. Ka zare ta kamar riga, da kunnuwa da bindi, har ƙafafu."

"Inna, jaka za ki ɗinka?"

"Kai dai yi abin da anka ce."

Amare ta kwana ta wuni tana kuka, muryarta har ta dushe. Goggo ta tsuguna da bokiti, ko ɗigo. Hantsa ta cika ta yi tauri, saniyar ba ta bari a taɓa. Goggo ta ce min a fili: in aka ƙara kwanaki a haka, ko dai nonon ya ƙafe ko hantsar ta lalace, kuma in ya ƙafe sai wata haihuwar, mu kuwa ba mu da abin ciyar da saniyar da ba ta ba da komai har tsawon wannan lokaci. Sai dai a kai ta kara a sayar. Ga shi yaran suna tsakiyar gasar unguwanni, wasa na bin wasa.

Fatar nan Goggo ta kankare ta, ta shafe cikinta da gishiri da toka, ta ɗan sha iska. Ta cusa mata busasshiyar ciyawa tam, ta ɗinke cikin da zaren buhu, ta zura sanduna a ƙafafun. Sai ga maraƙi a tsaye, wuya a karkace, babu ido. Wari kuwa ba a magana. Ta jiƙa kanwa da gishiri ta shafa masa a baya, ta kai shi gaban uwar tana kiran sunanta a hankali, tana yi mata magana da Fulatanci. Amare ta shinshina, ta ja baya, ta sake shinshinawa. Sai ta fara lasa. Goggo ta tura kan maraƙin ƙarƙashin cikinta ta ɗan zungura, yadda mai rai yake yi, ta miƙa hannu. Madara ta zo. Ta ce haka iyayensu suke yi tun kaka da kakanni, babu bafulatanin da bai san wannan ba.

Bafulatani ya sani, amma Damba ba ta sani ba. Maƙwabciyata Tumba ta shigo aron rariya da sassafe, ba ta same ni a tsakar gida ba ta zagaya kango. Ta tarar da tsohuwa a tsugune tana magana ƙasa-ƙasa cikin yaren da ba ta ji, gaban mataccen maraƙi da ke tsaye da ƙafafunsa. Ko rariyar ba ta ɗauka ba. Kafin azahar magana ta zagaye unguwa: wai ashe tsafi ake yi a gidan Balki, da shi ake haɗa madarar, shi ya sa yaran suke ta cin wasa. Wasu suka ƙara da cewa maraƙin yana tafiya in dare ya yi.

Ran nan da babur ya tsaya na ji an dire kula, tim. A cike take.

Koci ya ce daga zaure, "Inna, ni ban yarda da zancen ba. Amma uwayensu sun hana. Har da wadda ta ce in ɗanta ya ƙara sha ba ta yafe ba. Mi zan ce musu?"

"Kada ka ce musu komai. Gobe in kun gama gudun safe ka kawo min su ƙofar gida, dukansu. Wanda uwarsa ke son zuwa ta zo."

Da ya tafi na gaya wa Malam a waje za a yi tatsar gobe, a bainar jama'a. Ya ce, "Yanzu ƙofar gidan nawa za ki mayar kara?" Na ce abin da aka yi a ɓoye ne ya jawo zancen, rantsuwa ba za ta wanke shi ba, sai ido. Sai ya ce zai gaya wa Liman. Goggo ce ta fi ba ni tsoro.

"Balki, nagge ba ta son taro. In ta ga mutane ta riƙe, mi za su ce? Za su ce abin ya ƙi yi don an tona shi."

"In mun zauna ma sun riga sun ce. Gara mu fita."

Gari na wayewa aka fito da Amare aka ɗaure a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ni ina zaure bayan ƙyaure, ta 'yar kafa nake hange, sauran kuwa da kunne. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya. Yaran Koci suka iso da gumi, suna haki. Mata sun leƙo ta kowace ƙofa, na ji muryar Tumba a ciki. Da Malam ya fito rungume da maraƙin, sai wuri ya ɗauki salati, yara suka watse da gudu. Liman ya matso, ya zagaya shi, ya sa sandarsa a wajen ɗinkin ya ɗan tona. Ciyawa ta zubo.

"To," in ji shi, "wannan dai ciyawa ce. Sai mu ga sauran."

Goggo ta tsuguna. Amare kuwa ta ɗaga kai, kunnuwa a miƙe, tana bin mutane da ido, tana taka ƙasa. Ko kallon maraƙin ba ta yi ba. Goggo ta ja, babu. Ta shafa, ta kira suna, ta sake ja, babu. Bokiti shiru. Na ji wani daga baya ya ce, "Aljanin bai karya kumallo ba." Aka yi dariya. Na riƙe ƙyauren nan da hannu biyu.

Sai Goggo ta miƙe, ta juya ga 'yan ƙwallo da suka yi mata rumfa.

"Ku ƙattin nan, kun tsaya bisa kanta kamar mahauta, ta yaya za ta saki jiki? Ku duƙa! Kai dogo, da kai nike. Kowa ya duƙa ya kama bakinshi."

Gola ne ya fara tsugunawa. Sauran suka bi, Koci ya bi, Malam ya bi. Liman ya tattara rigarsa shi ma ya duƙa, to wa ya rage? Layi guda na maza a tsugune a kan titi da sassafe, babu mai tari. Goggo ta ƙara shafa kanwa a bayan maraƙin, ta koma wurinta, ta jingina goshi a cikin saniyar tana yi mata 'yar maganar nan tasu.

An daɗe. Har na ji kukan kurciya daga bayan masallaci. Sannan na ji wani abu, kar, kar, kar: harshen Amare ne a kan busasshiyar fata. Ban gama sauke numfashi ba sai ga shi, tsirr, a gindin bokitin silba. Tsirr, tsirr. Ƙarar tana kauri, tana kauri, har ta koma ta kumfa, wadda ba ka jin ƙarfe a cikinta.

Gola ya kasa haƙuri. Cikin raɗa, wadda duk titi ya ji, ya ce, "Wallahi an maido wuta." Goggo ba ta ɗago ba ta ce, "In ka ƙara magana kai zan cusa ma ciyawa."

Da ta gama ta miƙa wa Liman bokitin, da ɗuminsa. Ya duba, ya ce a kai ciki a dafa, kuma in an haɗa a aiko masa da gora ɗaya ya ji abin da yaran suke sha. Da la'asar kula ta tafi fili. Da ta dawo, tun daga direwarta na san babu ko ɗaya a ciki. Amare ta ci gaba da lasar ɗanta na ciyawa tana ba mu madara har aka ƙare gasar, har damina ta sauka ciyawa ta fito, ba a kai ta kara ba.

Bayan kwana biyu da tatsar waje na ji sallamar Tumba, a sanyaye, ba irin tata ba. Ta gaishe ni, ta gaida aiki, ta tambayi Malam, ta yaba tsabtar tsakar gida. Can ta fito da kofi daga cikin mayafi. Wai autanta ya shiga masu gudun safe, yana dawowa a galabaice, ko za a ɗan sam masa.

Na ce, "Ni tukunya gare ni. Mai saniya tana kango, kin san hanya."

Ta tsaya kamar ta koma, sai dai ta daure ta zagaya. Ina jin su daga nan. Goggo ta bar ta ta gama kame-kamenta tsaf, sannan ta ce, "Za a ba shi. Amma naggen ba iska ta ka ci ba. Duk randa kunka surfa hatsi, dusar nan gidan za ta zo. Kuma ke za ki zuba mata da hannunki, gaban ɗanta."

Washegari da hantsi ina wankin goruna na ji takunta ta wuce ni, da kwano a hannu, ta nufi kango.